Garin Kuka a Lagireto

Har yau raina na ɓaci in na tuna ranar da yayana ya ari tsohuwar motata mai shan dizal, zai ɗauko gero daga Ƙofa. A hanya lagireto ya fara yoyo. Maimakon ya kira ni, sai ya ɗura masa garin kuka, wai yana toshe huda.

Motar ta iso Kankiya tana tururi, tana warin miya. Bakanike ya wuni yana wanke yauƙi, ni kuwa ina ta haɗiye zagi, don ba a ɗaga wa babba murya.

Na ce, “Haba Yaya, kuka fa?”

Ya ce, “Ba ta kawo ni gida ba?”

Har gobe yana gaya wa mutane shi ya gyara mini mota.