Maimunatu, Baƙuwar da Ta Roƙi Turminmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Maris, 2018, Allah Ya karɓi ran Hajiya Maimunatu a garinsu Tawa ta Jamhuriyar Nijar, bayan jinyar ciwon hanta. Labarin bai iso mana Abare ba sai ranar Asabar. Ban je gaisuwa ba, Hajiya. Hanya ta lalace, ba mai fita yanzu sai da dalili mai ƙarfi, ni kuma gajiya ta kai mani ko'ina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin zo mana a shekarar 2010, shekarar da gubar dalma ta shiga yaranmu, muna binne biyu ko uku a rana. Ke ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kika bar jikokinki kika biyo likitocin agaji zuwa Anka, ba albashi ba ladan kowa sai na Allah. Wata uku kika ce za ki yi. Shekara bakwai kika yi kina zuwa kina komawa.

Ɗana Zayyad yana da shekara biyu aka kawo maki shi yana jijjiga. An ba shi magani, jininsa ya wanku, muka koma gida. Bayan wata biyu aka auna, gubar ta dawo. Aka sake, ta sake dawowa, alhali an kankare ƙasar gidanmu an zuba sabuwa. Likitoci suka rasa ta inda take shigarsa, suka ce in aka yi ta uku ba su da tabbas zai tashi.

Ke ce kika hau babur kika zo gidan da kanki. Ba ki tambayi komai ba, kika zauna kina kallon matata Hajara tana dakan fura. A turmin nan ne muka daka dutsen zinarin da gubar take ciki har damina biyu, kuma ni na kawo dutsen, ina malamin makaranta, ina ganin na fi kowa wayo. Na riga na ce mata ta jefar da turmin, ta ƙi. Turmin aurenta ne, Innarta da ta rasu ce ta sa aka sassaƙa mata, kuma a wurinmu mace ba ta jefar da irin wannan. Ta wanke shi da toka har sau bakwai, ta ɗauka ya tsarkaka.

Da ni ne, da faɗa zan yi. Ke kuwa sai da kika bari ta gama, kika ce, "Hajara ƙanwata, turmin ga nika so. Baƙuwa ta roƙe ki, ki ba ni shi."

Hajara ta dubi turmin. Jefarwa ta gagare ta, amma hana baƙo abin da ya roƙa da bakinsa ya fi gagara. Ta share hawaye ta ce, "Ɗauki, yaya, na ba ki." Daga ranar gubar ba ta ƙara hauhawa a jinin Zayyad ba.

Da kika gane ba gidanmu kaɗai ba ne, sai kika koma Tawa kika shiga bin gidajen suna da na biki da faifai a hannu, kina roƙa wa yaran ƙasar da ba taki ba. Kin faɗa mana kina dariya cewa har an raɗa maki suna Maroƙiyar Zamfara. Kika dawo da mota cike da sababbin turame da taɓare, kika bi Abare da Tungar Daji gida-gida kina roƙon tsoho kina ajiye sabo. Na ga ƙafafunki sun kumbura a tafiyar nan, kika ce takalmi ne ya matse.

Ba zan yi maki ƙarya ba, gubar ta riga ta yi ɓarnarta kafin ki iso. Zayyad yana da shekara goma yanzu, yana raye, yana cin tuwo, yana dariya, amma kansa ba ya riƙe abu. Abin da aka faɗa masa da safe, kafin azahar ya zube. Sunaye kaɗan ne suka zauna masa, naki yana ciki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Hajara ga ɗanki Alhaji Nababa, da 'yarki Hawwa'u, da jikokin da muka riƙe masu kakarsu shekara bakwai. Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.

Sau huɗu na zaunar da Zayyad na faɗa masa kin rasu. Kowane karo sai ya yi kuka kamar yau ya fara ji, gari na wayewa ya manta. Jiya ya sake tambayata, "Baba, yaushe Inna Maimuna ka tahowa?" Na duba ba ni da ƙarfin sa shi kuka na biyar, na ce masa kina hanya. Allah Ya gafarta mani, ke ma ki yafe mani.

Muntari Umaru, Abare