Jaridar Kuramochi

Shekara ashirin da bakwai Kuramochi ya yi yana dafa aerojel a ma'aikatarmu ta Tsukuba a Japan, goma sha ɗaya daga ciki ina gefensa ina shan faɗa. Aerojel ɗin namu kamar yankan sabulu yake, ba nauyi, sai ka ce hayaƙi ne ya daskare. Masana ke jera shi cikin ƙatuwar na'urarsu. In ƙwayar da ta fi zarra ƙanƙanta ta ratsa shi, takan bar ɗan shuɗin haske su kama. In yankan ya yi hazo, hasken ya mutu a ciki, wahalar mutane ta tashi a banza.

Akwai injin awo fa, amma tsohon nan da taurin kai! Shi dai ya ɗora yanka a kan jaridar safe. Ya ga ƙananan rubutu tar, ya buga hatiminsa. Ya ga dishi-dishi, ya murƙushe nan take, wai kada wani mai tausayi ya lallaɓa ya tura wa masana. Mukan tsokane shi cewa dabarar karanta labarin kokawar sumo ce a bakin aiki.

Bara muka fitar da yanka arba'in, aikin wata uku. Ya duba ya murƙushe, ya duba ya murƙushe, har talatin da tara. Ya zargi tukunya, ya zargi damina, har hannuna bai tsira ba. Raina ya ɓaci, na fizge na ƙarshen na kai inji. Ai kuwa ba mu taɓa yin garau kamarsa ba.

Na dangwara masa takardar awon da gadara. Ya kai ta bakin hanci, ya nisanta ta, ya sake matsowa. Nan na gane matsalar a idonsa take. Har yau ina jin kunyar gadarar nan.

Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce.

Ranar sallamarsa ya zo cikin kwat, ya bi kowa yana rusunawa yana ba da haƙuri. Sannan ya ɗora yankan da ya tsira a kan jarida.

"Ebihara, karanta mini."

Na karanta har ƙananan.

"Duk kina gani?"

"Tar, maigida."

Ya ɗora hannunsa a gefen tebur.

"Sauran ma haka suke ke nan," ya ce. Ya mayar da hatiminsa aljihu. "Buga naki."