Gasayar Bayan Makewayi

Wata Asabar ce a damunar da na shiga aji huɗu, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, rumbunmu kuwa in ka leƙa sai ka ga ƙasansa. Da hantsi kakata, Iya Abu, ta miƙo mini ƙwarya ta ce in je tsohon garken Fulani da ke bayan gonarmu in tsinko gasaya. Ƙauyenmu na kusa da garin Babban Mutum, kuma kowa a can ya san gasaya ba ta son ƙasa sai mai taki, shi ya sa inda shanu suka yi rani nan take fitowa kamar an shuka ta.

Ni dai tun ina ƙarama na tsani wannan ganye. Ka taɓa shi ya bar maka danƙo a yatsu da wani wari mai hawa kai, wanda ko da toka ka wanke sai ya yini a hannu. In aka ɗora shi a wuta gidan gaba ɗaya sai ya ɗauka. Iya kuwa ji take da shi. Ta tafasa da 'yar kanwa, ta zubar da ruwan farko mai ɗaci, ta sake tafasawa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli da barkono. Kunnenka ya yi ciwo, ganyen za ta murza ta ɗiga maka. In na yamutsa fuska sai ta ce, "Wannan da kike rainawa ita ta riƙe ubanki har ya yi gemu."

Garken da nisa, ga ƙawayena sun baza duwatsun carafke a gindin bishiyar bedi suna jirana. Sai na zagaya bayan katangarmu, inda rariyar makewayi ke zubowa. Nan gasaya ta yi kore shar, ganyenta faffaɗa, tana tsaye cikin baƙin taɓo mai kumfa, ƙudaje na tashi. Na toshe hanci, na cika ƙwarya cikin ɗan lokaci, na ɓoye ta, na sha wasana, sannan na shiga gida ina haki kamar wadda ta yi tafiya. Iya ta juya ganyen tana yaba kyansa, har ta sa mini albarka.

Ina kallo ta dafa, ta kwance ƙullin ƙulin da ya rage mana ta daka shi duka ta zuba. Inna, mahaifiyata, ta ce yau dai an samu abin da za a kai azahar, don ba za a ɗora tukunyar tuwo ba sai dare. Ni kuwa duk lokacin da na dubi akushin, baƙin taɓon nan nake gani.

Baba ya dawo daga gona da azahar, rigarsa jiƙe da gumi, tun koko na safe bai sa komai a ciki ba. Ya yi salla, ya zauna a tabarma, ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɗebo loma. Ban san lokacin da na ce, "Baba, kada ka ci. A bakin rariya na tsinko," ba.

Ya tsaya da hannu a sama. Na sa rai da duka, har na fi son a dake ni, amma ba wanda ya taɓa ni. Baba ya mayar da lomar, ya wanke hannunsa sau biyu. Iya ta ɗauki akushin ta fita da shi juji, na ji tana ƙwanƙwasa shi a ƙasa don kada komai ya rage. Da ta dawo abin da ta ce kawai shi ne, "Larai, ƙulin ke nan fa." Baba ya sha ruwa moɗa biyu, ya saɓa fartanya ya koma gona cikin ranar nan. Daga lokacin ƙyamar da nake yi wa ganyen ta dawo kaina, kuma ta fi ta farko ɗaci.

Yanzu ina zaune a Daura, buhun hatsi bai taɓa yankewa a gidana ba. Da damuna mata kan kawo kwaɗon gasaya ƙulle a leda, maƙwabtana na rububinsa, wai maganin jini ne. Nakan tambayi mai tallar inda aka tsinko, ta dube ni kamar mai taɓin hankali. Har yau warinsa na tayar mini da zuciya, amma nakan saya. Iya ta rasu, Baba ma ya bi ta. Da zan same shi a tabarmar nan, da na taka har garken na dawo, ko sau goma ne.