Sista Lauratu, Wadda Ta Sa Hannu a Ƙafata

Daga Allah muke, gare shi kuma makomarmu take. Da hantsin Talata, 13 ga Mayu, 2025, ina cikin auna yadi a shagona na kasuwar Lafia aka zo mini da labarin rasuwarki, Sista Lauratu. Na ajiye almakashi na zauna ina kallon ƙafata ta dama, wadda ba don Allah ya haɗa ni da ke ba, da ta riga ni shiga ƙasa.

Shekara talatin kika yi kina wankin miki a asibiti, da kika yi ritaya kuma kika ci gaba a wani ɗan ɗaki a ƙofar gidanki. Nan muka haɗu.

Salansar babur ce ta ƙone ni a ƙwauri a hanyar Shabu. Ga ciwon suga, ga taurin kai. Na shafa man goge baki, na fasa ɗanyen ƙwai, wani bakanike ya rantse mini man birki magani ne, shi ma na zuba. Cikin wata biyu ƙuna ta zama gyambo, likita ya fara zancen yankewa daga gwiwa. Mai ɗakina Mutmainna ce ta tasa ni gaba zuwa wurinki.

Kika kwance tsumman da na ɗaure ƙafar da shi, kika ja da baya. "Baballe, wannan ƙafa ne ko gareji?"

Bayan kin wanke, kika ɗauko wata filasta mai faɗi. Da yake kin san sana'ata, sai kika ce in ɗauke ta kamar riga mai shafi uku. Na ciki ba ya manne wa nama, na tsakiya yana tsotse ruwan miki, na waje ba ya barin ruwa ko datti su shiga, ga gam a gefuna. "Kwana uku kar ka taɓa shi. In ya jiƙe har baki, ka zo."

Ni kuwa tun ina yaro na ji ana cewa miki iska yake so. Washegari na ɓamɓare, na shanya ƙafa gaban fanka, na mayar na liƙe da salatif. Da kika gani, sai kika cire ta kika yar. Kika sa sabuwa, kika ɗauki biro kika rubuta kwanan wata, kika rattaba hannu, rabi a filasta rabi a fatata. Haka na dinga zama a shago kamar takardar fili, maƙwabta suna tambayar ko mai unguwa ya buga hatiminsa.

Allah ya yafe mini, na sake buɗewa. Rubutun ya ƙi haɗuwa, na cike shi da birona. Kika sa tabarau kika duba. "Ni Lauratu ce, ba Laraba ba. Kuma biro nawa shuɗi ne." Sai kika daina fara'a, kika kira Mutmainna, kika ce in na ƙara, ke da kanki za ki raka ni wurin likita. "Ba asara. Wando mai ƙafa ɗaya ba ya cin yadi."

Ban ƙara ba. Ranar da ruwan sama ya hana ni fita, sai ga ki da lema da jaka, zani ya jiƙe har gwiwa, kin zo canja filasta, kika kuma kama ni da kwalbar lemo. Bayan wata uku miki ya rufe.

A zaman makoki, Torkuma, wani manomin doya daga Assakio, ya naɗe wando ya nuna mana tabon fartanya da kika yi jinya. Wani ya ce ai wannan ƙarami ne, ya tuɓe hula. Ni ma na miƙe tawa ƙafar. Kafin a ankara dattawa bakwai sun hau gardamar wanda ya fi shan faɗanki. Sai da wani ya kai hannu ga mazugin wandonsa liman ya ce, "Jama'a, mun yarda, a bar sauran a rufe." Daga cikin gida muka jiyo dariyar 'yarki Zuhra, wadda kwana uku ba a ji muryarta ba, dariyar da ta ƙare da kuka.

Allah ya jiƙanki, Sista. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa aljanna ce makomarki. Ga Zuhra da ƙaninta Abdulhakeem, da Ngunan abokiyar aikinki, da dangi na Lafia da Assakio, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma masu taurin kai da kika bari, Allah ya shirye mu, don yanzu babu mai tsawata mana.

Baballe mai yadi, Lafia.