Baƙo a Lambun Marigayiya

Tela ya tsayar da kekensa yana leƙen mutumin ta taga. Tun da tsohuwar da gidanta ke kallon shagonsa ta rasu, gidan a rufe yake, makullin ma a hannunsa magada suka bari. Yau ga wani baƙo durƙushe a ɗan lambun ƙofar, sai ka ce gidan ubansa.

Dogo ne, gemunsa ya fara furfura. Takalminsa na masu ofis, amma gwiwar wandonsa na cikin taɓo, ko a jikinsa. Yana zaro albasar fure daga jaka, ya matsa da babban yatsa, ya shinshina, ya yar da ruɓaɓɓiya. Mai kyau kuwa sai ya zurfafa mata rami, tsininta na kallon sama, ya rufe a hankali.

Tela bai yarda da shi ba. Yau shuka, gobe shinge, jibi a ce fili nasa ne.

"Malam, sannu da aiki. Wa ya sa ka?"

"Ba kowa," in ji mutumin, ko ɗagowa bai yi ba. "Lokacin shukarsu ne."

Da ya iso jikin katanga sai ya tsallake wani wuri bai haƙa ba. Gaban tela ya faɗi. Ta nan bututun ruwa ya bi a ƙarƙashin ƙasa, kuma sai ɗan gida ya sani.

Tsohuwar ta sha cewa tana da ɗa. Ranar jana'izarta dai ba wanda ya gan shi.