Ramukan da Clifford Ya Huda a Jikin Gwaggo

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Maureen ta bugo mini waya cewa mijinta, Clifford Haddon, ya riga mu gidan gaskiya. Surukina ne, ɗansa Neil ke auren 'yata Lorna. Tun kafin nan abokin aikina ne a kamfanin motoci na Solihull, shi a ɓangaren inji, ni a ɗinkin kujeru.

Clifford, kai ka ja ni makarantar yamma bayan na soma furfura. Ka ce, "Kai tela, kana ɗinka wa manya wurin zama, amma jarida sai ka kalli hoto?" Na gode, ko da yake har gobe ina zargin mai saya maka soyayyen kifi da dankali a hanyar dawowa kake nema.

Kowa ya san yadda kake ji da Gwaggo, tsohuwar motata Rover 90 ta shekarar 1956, mai silinda shida, da kujerun fata, da ƙofofin baya masu buɗewa ta baya. Ko ƙusa ɗaya ba ka yarda a ɗaura mata in ba ta asali ba ce. A cikinta na ɗauko Lorna daga asibiti tana jaririya. Da Lorna ta sami ciki na so jikana ma ya zo gida a cikinta, sai Neil ya ce doka ta hana ɗaukar jariri a motar da ba ta da bel ɗin ɗaure fasinja. Na haƙura, raina bai so ba.

Da sanyi ya shigo ka karɓe ta, wai za ka duba birki, ka garƙame garejinka da kwaɗo. Mako ya zama wata. Wata rana na tsaya a bakin ƙofa na ji ƙarar injin huda ƙarfe.

Na ce, "Tun yaushe birki ke bukatar huji, tsohon ɓarawo?"

Ka ce, "Je ka sha shayinka, tela. In na sayar da ita za ka ji a gari."

Ban yi dariya ba, don na san wani dillali daga Leeds ya daɗe yana zawarcinta. Na riga na sa a raina jikana zai zo duniya babu Gwaggo.

Bayan jana'iza Maureen ta miƙo mini makullin garejinka. Gwaggo na nan. Ka huda ƙasanta a bayan kujera, ka ɗaure farantan ƙarfe, ka sa bel, ga kujerar jarirai a kafe daram. Kai da ka taɓa yin gaba da wani mutum saboda ya canja madubin motarsa, kai ka huda Rover da hannunka!

Jumma'ar da ta wuce Lorna ta haihu, mace, an sa mata Edith. Ni na tuƙo su gida a hankali, ina dariya ina share hawaye, har na baya suka gaji da yi mini oda. Kujerar da ke gefena babu kowa.

Sai dai agogon gaban motar ba ya nan, Clifford. Maureen ta ce ka kai gyara. Wajen wa? Wannan maganar tana nan sai mun haɗu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Maureen, Neil, da dukan dangin Haddon, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya raya mana Edith.

Alwyn Tranter, Solihull