Kusan Bafulatani

Shekarar da na sayi 'yar ƙaramar motata mai aiki da lantarki, ba wanda ya raina ta kamar kakan matata. Tsohon makiyayi ne da ya dawo unguwarmu Dogo Tebo a Potiskum da zama, ni kuma Babarbare, don haka tsokana ba ta ƙarewa tsakaninmu. Kullum cewa yake na sayo tocila mai taya.

Wata safiya ya aiko a kira ni. An yi wa jikansa haihuwa a ruga, ranar ce suna, kuma ba za a yanka rago ba sai ya je ya yi addu'a. Na duba allon motar, ya nuna cajin zai kai kilomita sittin. Na tambaye shi nisan rugar. Ya turo leɓe gabas, ya ce nan-nan ne, bayan wata kuka.

A Potiskum aka haife ni, na san kusan Bafulatani, amma son burge tsoho ya rufe mini ido. Na kunna na'urar sanyi, na taka mota.

Muna sauka daga kwalta muka shiga yashi, sai lambar cajin ta fara zubewa kamar gero a hujajjen buhu. Mun wuce kuka ta fi biyar, kowacce ya ce ba ita ba ce. Can lambar ta nuna saura sha biyar. Na ce, "Kaka, da wuya mu kai."

Na zaci zai yi mini dariya, sai ya tambaye ni me ke cinye wa motar ƙarfi. Na ce gudu, da sanyin nan, da yashi.

"To ai saniya ce," in ji shi. "Mai tafiyar nesa ba ya kora. Kashe sanyin, ka lallaɓa ta."

Ya sauke gilashi yana nuna mini gefen burtali, inda kofato ya daddaɓe ƙasa ta yi tauri. Muka yi ta rarrafe, zufa na zuba, lambar kuma ta rage gaggawa.

Mun isa saura cajin kilomita biyu, hantsi ya ɗaga, rago na nan ɗaure ana jiransa. Na ji daɗi har raina. Bayan addu'a ya shafa bayan motar, ya gaya wa mutane tana da haƙuri, makiyayinta ne bai iya kiwo ba.

Da aka watse na ja shi gefe, na tambaye shi yadda za mu koma gida, tunda ba wuta a ruga. Ya turo leɓe yamma.

"Potiskum? Ai nan-nan ne."